Daga Gidan Dahala zuwa makarantar kiɗa: yadda ake neman tallafin karatun gaba da digiri

Wani yaro ɗan unguwarmu, nan Gidan Dahala a Sakkwato, ya same ni bayan sallar isha'i muna zaune a majalisa. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, wai da gaske akwai inda aka biyan mutum kuɗɗi shi yi karatun kiɗi?" Jama'a suka kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce masa, "In kiɗi kaka so, ga gidajen buki nan, ba sai ka hau jirgi ba." Yaron ya gama digirinsa a fannin Hausa, ya yi hidimar ƙasa, kuma kundinsa na kammala karatu a kan wani makaɗin kotso ya rubuta shi. Na ce masa da gaske ne, akwai, amma ya dawo da safe da biro da takarda. Abin da na faɗa masa washegari shi ne na ga ya dace in shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Makarantun kiɗa na duniya ƙofa biyu gare su, kuma mutum ya san wadda zai ƙwanƙwasa tun kafin ya kashe ko sisi. Ƙofar farko ta masu kaɗawa ce da masu rerawa da masu tsara kiɗa irin na Turai: fiyano, gogen Turawa, waƙar opera da makamantansu. A nan ne ake jin sunayen Juilliard da Curtis da makarantar kiɗa ta Yale. Curtis ba ta karɓar kuɗin makaranta tun 1928, ita ma ta Yale ta daina karɓa bayan wata kyautar dala miliyan 100 da aka yi mata a 2005. Labarin yana da daɗin ji, amma masu shiga wuraren nan yawancinsu tun suna shekara biyar ko shida suke riƙe da kayan kiɗan. Wanda bai taɓa karanta rubutun kiɗa ba, ya ce zai yi gasa da su, ya ɗauki faɗan da ya fi ƙarfinsa.

Ƙofa ta biyu ita ce tamu. Sunanta ilimin kiɗan al'ummomi, wanda a jami'o'i ake kira etnomuzikoloji: nazarin kiɗa da waƙa a cikin rayuwar mutanen da ke yin su. Ana yin digiri na biyu da na uku a kansa a UCLA da Indiana da Wesleyan da Pittsburgh a Amurka, da SOAS a Landan, da jami'ar Cape Town da ta Rhodes a Afirka ta Kudu, da Legon a Gana. A gida kuma akwai Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Ibadan, da sashen kiɗa na Nsukka wanda aka buɗe tun 1961, da na Ile-Ife. A wannan ƙofa, abin da ɗan Sakkwato ke ganin ba komai ba ne shi ne jarinsa. Ka tashi kana jin Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Ɗan Anace a rediyo. Kana jin Sakkwatancin da suke waƙa da shi ba tare da tafinta ba. Ka san hanyar Isa da Maradun da Argungu, kuma in ka je gidan magadan makaɗi ka san yadda ake sallama da yadda ake zama. Baturen da zai yi irin wannan bincike sai ya share shekara biyu ko uku yana koyon harshe kafin ya kai inda kake tsaye yau.

Hanyar ma ba sabuwa ba ce. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a jami'ar Indiana a 1975 a kan Mamman Shata. Akin Euba, Bayarabe, ya yi nasa a Legon a kan kiɗan dundun, ɗan uwan kalangunmu, ya kuma ƙare yana koyarwa a Pittsburgh. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Fremont Besmer ya yi aiki a kan makaɗan fadar Kano da kuma kiɗan bori, Veit Erlmann kuma ya wallafa littafi a 1986 a kan abin da shugabannin jihadin Sakkwato suka rubuta game da kiɗa. Ka lura da shekarun. Galibin manyan ayyukan da duniya ta sani a kan kiɗan Hausa sun haura shekara 40, kuma wannan giɓi shi ne hujjarka ta farko a gaban kwamitin zaɓe.

Sai dai akwai inda ɗalibanmu ke tuntuɓe, kuma a nan nake son in daɗe. A sassan Hausa na jami'o'inmu an horar da mu a kan waƙa a matsayin adabi: jigo, salo, zubi da tsari, kirari, habaici, zambo. Littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da na Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi mana aiki babba a wannan fage, kuma dole ka karanta su ka ambace su. Amma makarantar kiɗa tana son ta ji ka yi magana a kan sautin kansa. Idan ka rubuta shafi 20 a kan waƙar Bakandamiya ba ka ce uffan a kan abin da kotsanni ke yi ba, malamin da ke karantawa zai ce wannan ɗalibin sashen adabi ne, ya tura takardarka gefe. Tambayoyin da ke jan hankalinsu irin waɗannan ne: kotso nawa ke cikin ƙungiyar, kuma mene ne aikin kowane? A ina 'yan amshi ke shigowa, kuma me ke sanar da su lokacin karɓi ya yi? Yaya raujin gindin waƙa ya bambanta da na ɗiyanta? Idan mai kalangu ya matse tsarkiya ya saki, yana bin karin sautin Hausa ne sau da ƙafa, ko akwai inda kiɗan ke bijire wa maganar? Wa ke koya wa yaran makaɗa, kuma me ya canza tun da situdiyo da fiyano suka shigo gidajen biki? Duk wanda ya iya ɗaukar ɗaya daga cikin waɗannan ya bi ta da misalai daga faifan da ya saurara da kunnensa, ya riga ya wuce rabin masu nema.

Don haka kafin ka cika fom ko ɗaya, ka ba kanka wata shida na koyon harshen masu kiɗa. Rubutun kiɗa na layi biyar ba tsafi ba ne. Akwai masu karanta shi a cikin garin nan: 'yan badujalar soja da na 'yan sanda, da masu koyar da mawaƙan coci. Ka sami ɗaya ka yi masa ladabi ya koya maka. Manhajar MuseScore kyauta ce don rubutawa, Audacity na rage saurin faifai ka ji abin da hannu ke yi, Praat kuma na nuna hawa da saukar murya. Idan da hali, ka zauna jarrabawar ilimin ƙa'idojin kiɗa ta MUSON da ke Legas ko ta ABRSM, ko da mataki na biyar ne, don ka sami takardar da za ka nuna. Yawancin makarantu na yi wa sababbin ɗalibai gwaji a makon farko, wanda ya gaza sai a ɗora masa darussan cike giɓi. Sannan ka koyi kaɗa wani abu da hannunka, ko kalangu ne ko gurmi ko kuntigi. Na san abin da za a ce a gida, don a ƙasar nan ɗan malamai ko ɗan sarauta bai saba rataya ganga ba. Ka zauna da iyayenka ka yi musu bayani tun da wuri cewa malanta kake nema, irin wadda ake zama farfesa da ita, kada su fara jin labari a bakin maƙwabta.

Ke kuma ɗiyata, in kina karanta wannan, naki filin ya fi faɗi. Kiɗan ƙwarya da shantu da amada da waƙoƙin daka da na reno suna cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga. Abin da aka rubuta a kansu ta fuskar sauti kaɗan ne ƙwarai.

Yanzu batun kuɗin. Kalmar sikolashif da muke yi wa komai jam'u ta ƙunshi abubuwa daban-daban. A Amurka akwai tallafin da ake ba ɗalibi ya yi karatu kawai ba tare da wani aiki ba, akwai kuma wanda zai riƙa taimaka wa malami koyarwa ko bincike, aikin da doka ba ta yarda ya wuce awa 20 a mako ba lokacin da ake karatu. Duka biyun, idan cikakku ne, sun haɗa da yafe kuɗin makaranta da alawus na wata-wata da inshorar lafiya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kuɗin ya fi yawa a digiri na uku, inda ake yawan ba da alkawarin shekara biyar, kuma jami'o'i da dama na karɓar mai digirin farko kai tsaye ya yi na biyu a kan hanya. Digiri na biyu shi kaɗai sau da yawa rabin tallafi ake bayarwa, rabin kuwa ga mai kashe naira daidai yake da babu. A can, takardar neman shiga ita ce takardar neman tallafin, sai dai wasu wurare su ce ka ƙara wani ɗan fom.

Ingila dabam take: gurbi dabam, kuɗi dabam. Chevening na ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya, tana son ka yi aikin da ya kai awa 2,800, wato kimanin shekara biyu, ka zaɓi kwasa-kwasai uku, ka kuma yi alkawarin dawowa gida na aƙalla shekara biyu. Takan buɗe wajen Agusta ta rufe a cikin kaka. Jamus na da DAAD, wadda ke da tallafi na musamman ga masu karatun kiɗa. Akwai kuma wata ƙaramar ƙofa ta Fulbright da ke kai matasan malamai Amurka su koyar da Hausa na shekara ɗaya. Ba digiri ba ne, amma wanda ya je yana iya zama a azuzuwan kiɗa, malamai su san fuskarsa. Idan kai malami ne a jami'a ko kwalejin gwamnati, ka tambayi ofishin da ke kula da TETFund a makarantarku abin da ke akwai a bana, don ƙa'idojinsu na sauyawa. Dokokin bizar Amurka kuma sun tsananta a kan 'yan Nijeriya tun 2025, saboda haka ka binciki halin da ake ciki kafin ka biya kuɗin fom, kuma cikin makarantu biyar ko shida da za ka nema ka sa Ingila ko Afirka ta Kudu ko Gana, da ɗaya ta gida.

Takardu. Fasfo ka fara yi, kuma ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fasfo da lambar NIN da shaidar digiri. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a wata takardar, ya isa ya tsayar da komai. Sai takardar sakamakon kwasa-kwasai, wadda muke ce wa tiransikirif. Wannan ita ce ke kashe mutane. Ni da kaina na taɓa bin tawa a wata jami'a wata huɗu, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce fayil ya ɓace, har wa'adin da nake nema ya wuce. Ka neme ta tun watan Yuni. Wasu makarantun Amurka za su ce sai hukumar WES ta tantance ta, wannan ma makonni yake ci, kuma jami'arku ce za ta aika musu kai tsaye. Sakamakon tu-wan ko sama da haka shi ne abin da aka fi nema. Jarrabawar Turanci, TOEFL ko IELTS, shekara biyu sakamakonta ke aiki. Wasu jami'o'i na ɗauke wa 'yan Nijeriya ita, wasu ba sa ɗaukewa, don haka ka karanta shafin kowace makaranta da idonka, kada ka dogara da "an ce".

Wasiƙun shaida uku ake so. Kuskuren da muke yi shi ne neman babban suna: shugaban jami'a, ko kwamishina, ko basarake. Kwamitin ba ruwansa da rawani. Malamin da ya duba kundinka, wanda zai iya cewa ka je ƙauye kaza ka zauna da makaɗa kwana kaza, wasiƙarsa ta fi ta wanda bai san fuskarka ba. Makarantar za ta aika wa malamin saƙo ta imel ya ɗora wasiƙar da kansa, saboda haka ka sanar da shi wata biyu kafin lokaci, ka kai masa takardunka, ka roƙe shi ya yi amfani da adireshin imel na jami'a, sannan ka riƙa leƙa shi cikin ladabi. Malamanmu ayyuka sun yi musu yawa, mantuwa ba ƙiyayya ba ce.

Takardar bayyana manufa shafi ɗaya ce zuwa biyu, kuma ita ce zuciyar neman. Kada ka buɗe ta da cewa tun kana yaro kake son kiɗa, kowa haka yake rubutawa. Ka buɗe da tambayarka. Ka ce ga abin da ka ji a kiɗan taushi na fadar Sarkin Musulmi wanda littattafai ba su bayyana ba, ga abin da ka riga ka tattara, ga wanda ya yi rubutu kusa da batun da inda ya tsaya, ga malamin makarantar da kake son aiki da shi da dalili. In kana da Larabci da ajami ka faɗa da babbar murya, domin rubuce-rubucen da ke ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ba kowane mai bincike ke iya karanta su ba. Kunyar da aka rene mu da ita, ta ƙin faɗin abin da mutum ya iya, ba ta da amfani a wannan takarda. Ka faɗi abin da ka yi ba ƙari ba ragi. Za a kuma nemi samfurin rubutunka, shafi 15 zuwa 25. Kada ka tura kundin digiri ɗungurungum. Ka ciro babi mafi ƙarfi, ka sake rubuta shi da Turanci mai tsabta, ka fassara duk baitin da ka kawo, ka ƙara nazarin sautin da na ambata a baya. Kwafe aikin wani kuwa, makarantun suna da manhajar da ke kamawa, kuma wanda aka kama ya gama.

Yana da kyau ka rubuta wa malamin da kake so tun watan Satumba. A nan sai ka danne al'ada: ba a tambayar gajiya da iyali da sanyi. Layi bakwai ko takwas sun isa, wane ne kai, me kake son bincika, wane aikinsa ka karanta, kuma ko yana ɗaukar ɗalibai a shekara mai zuwa. In bai amsa ba bayan mako biyu ka sake aikawa sau ɗaya, daga nan ka ƙyale shi, ka cika fom ɗinka.

Wanda zai tura bidiyon kiɗansa, ko don yana neman fannin kaɗawa ko don ƙarfafa takardarsa, ga abin da na gani yana aiki a garin nan. Ka ɗauka da sassafe bayan an fito masallaci, kafin 'yan kabu-kabu su cika titi kuma kafin maƙwabta su tada janareto. Ka kashe fanka ko da zafi, don ƙararta na shiga faifai fiye da yadda kunne ke ji. Ka kwantar da wayar a kan wani abu tsayayye, a ga fuskarka da hannuwanka duka biyu, ka ɗauka a tashi ɗaya ba yanka ba gyara, domin makarantu da yawa na ƙin bidiyon da aka yi wa kwaskwarima. Lokacin hunturu fatar ganga na bushewa ta ɗaure, sai ka gwada sautin kafin ka fara. In kuma makaɗa za ka ɗauka don bincike, ka nemi izininsu a fili, ka gaya musu inda faifan zai je, ka rubuta sunan kowa har ɗan amshi na ƙarshe, ka kuma sallame su yadda ya kamata. Sana'arsu ce, kuma jami'ar da za ka je za ta tambaye ka shaidar izinin.

Kuɗin fom a Amurka yakan kama daga dala 75 zuwa sama da 100 a kowace makaranta. Wasu na yafewa idan ka rubuta ka roƙa tun da wuri, kuma roƙon ba ya rage maka daraja a wurinsu. Katin naira wani lokaci yakan ƙi biya, don haka kada ka bari sai daren ƙarshe. Masu cewa ka kawo kuɗi su samo maka gurbi, ka riƙe kuɗinka. Ofishin EducationUSA da ke Abuja da Legas aikinsa ke nan, ba da shawara ga masu neman karatu a Amurka.

Idan an kira ka ganawa ta bidiyo, tsakanin Janairu da Maris ke nan, ka lissafa bambancin agogo da kyau, ka cika waya da caji, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban. Amsoshi na fitowa daga Fabrairu zuwa Afrilu, kuma yawancin jami'o'in Amurka na ba ka har 15 ga Afrilu ka yanke shawara. Kafin ka ce ka karɓa, ka tambaya a rubuce: shekara nawa tallafin zai yi, alawus ɗin na wata 9 ne ko 12, ya haɗa da inshora da ƙananan kuɗaɗen makaranta, akwai kuɗin dawowa gida bincike, kuma me zai faru da mai iyali. Kuɗin jirgi da na biza da hayar watan farko galibi daga aljihunka za su fito, sai ka fara tari tun yanzu. Mai zuwa Ingila kuma sai ya yi gwajin tarin fuka kafin ya nemi biza.

Yaron nan na unguwarmu ya tambaye ni da me zai fara. Na ce masa yawancin makarantun Amurka na rufe karɓar takardu ne tsakanin 1 ga Disamba da tsakiyar Janairu, Chevening kuma kafin nan, ya ƙirga baya da kansa. Kai ma in da gaske kake, ranar Litinin ka tafi jami'arku ka cika takardar neman tiransikirif, ka karɓi rasit, ka rubuta ranar a bayansa.